Mai Fensir na Shafi na Tara

Laburarenmu na kan tudu a Valparaíso,
inda gidaje ke riƙe da juna kada su zame cikin teku.
Shekara ashirin da shida ina buga hatimi a nan.
Kantar da ke jikin taga ta 'yan shekara sha biyu ce:
labaran yara masu bin sawu,
masu tocila da ɗan littafin aljihu,
masu kama ɓarawo kafin ɗan sanda ya ɗaura takalmi.

Maite ce ta fara kawo ƙara.
Ta dangwara littafi gabana, ta buɗe shafi na tara.
A gefe, da fensir, wani ya rubuta:
"Mai lambu ne."
"Ya ɓata min karatu," in ji ta, "kuma ba ma shi ba ne!"
A wani littafin: "Matar likita ce." Ba ita ba ce.
Littafi sha ɗaya, zato sha ɗaya,
ko sau ɗaya bai dace ba.

Sai ta tara rundunarta:
Baltasar mai tabarau ɗaure da zare,
da Nahuel, wanda ba ya magana sai ya cinye burodinsa.
Suka baje littattafan a ƙasa kamar masu shanyar kifi.
Baƙaƙen manya ne, suna tangaɗi,
an danna fensir har ya ɓullo ta baya.
"Ɗan aji ɗaya ne," in ji Baltasar.
Kwana huɗu suna tare ƙannen mutane a ƙofar makaranta,
suna duba yatsu, suna sa su rubuta "lambu".
Wata yarinya ta fashe da kuka.
Uwarta ta hawo matakala ɗari da arba'in ta same ni.

Nahuel ne ya kai hanci jikin takarda.
Ya haɗiye lomarsa, ya ce, "Man inji."
Suka yi tsit.
A duk tudun nan mutum ɗaya ke wannan ƙauri:
Don Evaristo, mai tuƙa tsohon akwatin katako
da ke hawa da sauka bisa dogo, igiyar ƙarfe na jansa.

Suka haɗa kuɗin tara, suka shiga.
A sama, ta tagar ɗakin inji, suka leƙa.
Ga shi kan kujera, furfura ta cinye kai,
fensir a bayan kunne,
yatsa baƙi na rarrafe ƙarƙashin layi,
leɓe na motsi, yana tsayawa, yana komawa baya,
kamar mai tsallake rafi bisa duwatsu.

Ni tun watan Mayu na sani.
Ni na yanka masa katin.
Sunansa kaɗai ya ɗauke shi minti uku,
ya goge gumi, ya ce a ba shi na yara,
waɗanda ake kama mai laifi a ƙarshe.

Da la'asar suka dawo, ba mai kallon idona.
"Mun rufe bincike," in ji Maite.
"Wane ne?"
"Babu hujja."
Ta ɗan tsaya. "Ara min fensir."

Mako ya zagayo, littafi ya dawo da ƙaurinsa.
Shafi na tara, da manyan baƙaƙe: "Direba ne."
Ƙarƙashi, da ƙananan baƙaƙe tsaf:
"Duba takalminsa a shafi na talatin. A bushe yake."
Ƙarƙashi kuma, an danna har ya ɓullo:
"To ƙanwarsa."

Doka tana manne a bango: ba a rubutu cikin littafi.
Ni na rubuta ta, abin gogewa na cikin aljihun tebur.
Na buɗe shafin ƙarshe na duba.
Ƙanwar ma ba ita ba ce.
Na buga hatimi, na mayar da shi kanta.